Don Allah a taimaka: na ja gida sama a SketchUp, baya ya nutse cikin tudu gaba yana lilo

Baban_Ummi, Ngaundere

Assalamu alaikum jama'a, fatan an wuni lafiya. Masu taɓa SketchUp, manhajar nan ta zanen gini a kwamfuta, don Allah ina neman agaji. Ina da fili mita 20 a 25 can wajen Bamyanga, gangare ne, hanya tana ta ƙasa tudun yana hawa ta baya, kuma tsawon 25 ɗin shi ne ya bi gangaren. Na zana gida ɗaki uku da falo, mita 14 a 9, tsawonsa ya bi tsawon filin, na yi ƙasar da kayan Bac à sable sannan na buga Tamponner ya fitar min da wuri shafaffe na ɗora gidan, komai ya zauna har na tura wa iyali hoto ta WhatsApp ana ta sa albarka.

To yanzu shawara ta canza. Yayana ya ce asara ce a ci bakin hanya da gida, a ja shi sama kamar mita 6 a bar gaba saboda shaguna biyu, shi kuma kawunmu da ya duba zanen ya ce bayin ɗakin maigida yana kallon gabas sai an ɗan juya gidan. Na zaɓi gidan na ja, wallahi abin ba kyan gani, bango ya tafi amma rodi da wayoyin wuta da na ɓoye sun tsaya a tsohon wuri, wani sashe na dakali ya jawo ƙasa ya miƙe kamar cingam, bayan gidan ya shige tudu har taga ba a gani gaba kuma yana rataye, da na zo juyawa sai gidan gaba ɗaya ya karkace ya kwanta gefe guda. Tsohon wurin da na shafe shi ma yana nan ya ƙi komawa yadda yake. SketchUp ɗin 2017 ne na faransanci. Akwai hanyar gyara ko sai na sake daga farko? Na gode.

Sadiku_3D

Wa alaikumus salam Baba. Ba sai ka sake ba in sha Allah. Abu na farko danna Ctrl da Z ka koma baya har inda gidan yake lafiya, idan ka riga ka rufe fayil ɗin duba cikin folda ɗin akwai wani mai suna iri ɗaya da ya ƙare da skb, shi ne ajiyar da ta gabata, canza masa ƙarshe zuwa skp ka buɗe.

Shi SketchUp duk layin da ya taɓa ɗan'uwansa mannewa suke, shi ya sa dakalin ya jawo ƙasa. Maganinsa gurup, wato a ɗaure su su zama abu guda. Ka kunna duk kalk ɗin da ka kashe, wato rukunan zanen da ake ɓoyewa a nuna, ka kunna ganin abubuwan da aka ɓoye, sai ka kashe kalk ɗin ƙasa kaɗai, ka ja linzami ka zagaye gidan duka ka mai da shi gurup guda. Daga nan ko ka sake ɓoye rodin zai bi gidan duk inda ya je. In za ka ja danna M, kama kusurwar gidan ta ƙasa ba tsakiyar bango ba, sai ka danna kibiyar dama ta kulle maka jan layi, ta hagu kore, ta sama shuɗi wato hawa da sauka, ka rubuta 6m ka danna Entrée. Kar ka ja da ido, linzamin zai riƙa kama jikin tudu yana hawa da kai.

Karkacewar kuma daga abin juyawan ne, yana kwanciya a kan duk fuskar da linzami ya taɓa, da ka ɗora shi kan gangare sai ya ɗauki karkatar gangaren. Danna Q, danna kibiyar sama har da'irar ta zama shuɗiya kafin ka latsa ko'ina. Kuma in saitin kwamfutarka na faransanci ne waƙafi zaka sa a lamba, 0,60m, in ka sa ɗigo zai iya ƙin karɓa.

Baban_Ummi

Allah ya yi albarka ɗana, na samu na skb ɗin kuma gurup ya yi, gidan yana tafiya a miƙe yanzu. Saura nutsewar da tsohon wurin da ya ƙi gyaruwa, kuma ban san santimita nawa zan ɗaga shi ba, in na ɗaga baya ya fito gaba sai ya ƙara nisa da ƙasa.

Teknisiye_Garwa

Sallama. Malam Baban Ummi nutsewar ba ciwon kwamfuta ba ce, gaskiyar filinka ce kwamfutar ta nuna maka. Gida shafaffe ne ƙasa kuma a karkace take, duk inda ka kai shi dole gefe ɗaya ya shiga ƙasa ɗaya ya tashi, sai dai ka zaɓi wanne ya fi sauƙi a aljihu. Lissafin ba wuya, a ce gangaren kashi 10 cikin 100 ne, ma'ana kowace mita ɗaya da ka taka ƙasa ta hau santimita 10, to ja da gida mita 6 sama ɗaga shi ne santimita 60, kuma tsakanin gabansa da bayansa tunda mita 14 ne akwai mita 1 da 40 da babu inda za ka kai ta. Ko ka sare tudun baya, ko ka yi ciko a gaba, ko ka raba biyu.

Tsohon wurin ba zai dawo da kansa ba. Tamponner yanka ƙasar yake yi ya sake ɗinke ta da sababbin layuka, ba ya tuna yadda ya same ta. Idan layukan tsayi da ka yi ƙasar da su suna nan, share wannan ƙasar ka zaɓe su ka sake danna À partir des contours, minti biyu ne. Daga yau kuma ka riƙe wannan, ƙasar asali wadda mu a wurin aiki muke ce wa TN ba a taɓa ta. Ka sa ta a kalk nata ka kulle gurup ɗin, duk lokacin da za ka gwada wuri sai ka yi kwafi ka yi yankanka a kan kwafin. In yaya ya sake canza shawara, kuma zai canza, share kwafin kawai za ka yi.

Wani abu, kada ka buga Tamponner da gidan kansa, ga tagogi ga rufi ga kujeru, kwamfuta sai ta yi ta nishi. Zana murabba'i guda girman wurin da kake so a shafe, gidan da ƙarin mita 1 da rabi ko 2 ta kowane gefe saboda wurin wucewa da kwata, ka mai da shi gurup ka rataye shi sama da ƙasar, shi za ka danna, ka rubuta faɗin gefen da zai gangara ya haɗu da ƙasar asali, sannan ka danna ƙasar. Tsayin kuma kar ka bar wa ido, ka ja layin jagora a daidai tsayin da kake so, bayan an buga ka shiga gurup ɗin ƙasar ka zaɓi shafaffen wurin ka ja shi da kibiyar sama har ya kama layin.

Ni dai yadda nake yi, gidan ba na motsa shi sam. Daɓen falo shi ne sifili, yana zaune a mahaɗar layukan nan uku, ja da kore da shuɗi, ƙasar nake ja a ƙarƙashinsa. Dalili duk awon da ke kan takardar da magini zai riƙe daga daɓe ake ƙirga shi, taga a 1,00, linto a 2,10 ko 2,20, in ka ɗaga gidan duk lambobin nan sai su koma wani abu daban kana ta cire-cire.

Amma tsaya, kafin mu yi nisa, layukan tsayin nan daga ina ka samo su? Jiyometir mai awon fili ne ya ba ka?

Baban_Ummi

A'a Injiniya, takardar jiyometir borni huɗu ne kawai, wato alamun iyakar fili, da tsawon kowane gefe, babu tsayi a ciki. A Google Earth na duba, in ka ɗora linzami yana nuna tsayin wurin a ƙasan allo, na ga tsakanin bakin hanya da ƙarshen fili mita 1 ne wani lokaci ya nuna 2, sai na ɗauki ɗaya da rabi na raba.

Teknisiye_Garwa

Tabɗi. To Malam ajiye linzamin tukuna, ƙasar da kake ta fama da ita ba filinka ba ce. Tsayin da irin waɗannan taswirori ke nunawa a yankinmu galibi daga awon sama ne wanda kowane ɗigo ɗaya yake wakiltar wajen mita 30 a 30, filinka gaba ɗayansa bai cika ɗigo guda ba, kuma lambar a cikakkiyar mita take zuwa babu santimita. Yana da amfani in kana son sanin Ngaundere ta ɗara mita 1,000 sama da teku, amma ba a yanke tsayin dakali da shi.

In da hali ka kira jiyometir ya ɗauko maka tsayi da na'ura, shi ne mafi kyau, musamman in za ka nemi takardar izinin gini a meri, wato ofishin magajin gari. In babu, tiyo ya isa, wannan farin mai gani-har-hanji da magina ke fitar da nibo, wato daidaiton tsayi, da shi, ka sayi kamar mita 20 a kasuwa. Ka kafa turaku duk bayan mita 5 tsaye da kwance, filin 20 a 25 zai ba ka layi 5 a 6, turke 30 ke nan. Cika tiyon da ruwa ka kore kumfar iska tas, ƙwaya ɗaya ta rage awo ya lalace, ka ɗan zuba ruwan folere, wato zoɓo, ya yi ja don a riƙa ganinsa. Kafin ku fara ku haɗa bakunan biyu wuri ɗaya, in ruwan bai tsaya daidai da juna ba akwai iska a ciki. Ka zaɓi borni guda na bakin hanya ya zama sifili, yaro ɗaya ya tsaya can da baki ɗaya jikin sanda, kai ka je turke da ɗayan, ku jira ruwa ya natsu, kowa ya auna daga kan ruwan zuwa ƙasa. In nasa 150 ne naka 110, turkenka ya fi bornin tsayi da santimita 40. Kowane turke sai an sake karanta duka biyun fa, don ruwan yana motsi. Da kun hau har ruwan ya kusa taɓa ƙasa a wajenka sai yaron ya dawo kan turken da kuka riga kuka san tsayinsa ku ci gaba daga nan kuna tarawa. Da sanyin safiya ake yi, in rabin tiyo yana rana rabi yana inuwa yakan ɗan yi ƙarya.

A kwamfuta kuma À partir de zéro za ka ɗauka, ka rubuta 5m a matsayin tazara, ka ja 20 a 25, zai ba ka raga mai mahaɗa 30 daidai da turakunka, ka shiga ciki ka kama kowace mahaɗa da M da kibiyar sama ka rubuta lambarta. In akwai dutse ko wani rami tsakanin turaku ka auna shi daban ka ƙara.

Hajjo_Marwa

Salamu alaikum. Maganar tiyo da ajiye ƙasar asali babu abin ƙari, amma Yaya Teknisiye ban yarda da kai ba a kan jan ƙasa maimakon gida, ko in ce na yarda da rabi. Hawa da sauka, e, a bar daɓe a sifili a sauke ƙasa. Mu da ke aiki da manhajar ArchiCAD ma dole ce, bango da daɓe a jikin hawan bene suke ɗaure, Maillage, wato ragar ƙasar, ake ba wa tsayi, haka ma a Revit da Home Designer. Amma ja gefe da juyawa gidan ne ya kamata ya motsa. Borni, hanya, katangar maƙwabci, turken wuta, arewa, duk na ƙasar ne ba na gidan ba. Wanda ya ƙware zai tattara su duka ya ja tare, mai koyo kuwa zai ja ƙasar ya manta borni a baya, ko ya juya ta ya manta cewa a SketchUp koren layi shi ne arewa, sai inuwar da yake gani ta zama ƙarya, alƙiblar ma ta zama ƙarya. Kuma shi SketchUp babu ruwansa da hawan bene, gurup yana tafiya da nasa layukan awo, in ka shiga cikinsa kana iya sa sifilinsa a daɓe ko ina yake zaune.

Baban Ummi ni shawarata ƙasa da borni da hanya su zama gurup guda a kulle ta gefe, a juya su sau ɗaya tak su dace da arewa ta gaskiya, daga nan gida ne ke yawo.

Sai maganar Kawu, Allah ya ƙara masa lafiya, gaskiya ya faɗa amma ba a juya gida ɗaki uku saboda bayi. Alƙibla daga Ngaundere tana wajen digiri 58 ne daga arewa in ka karkata ta gabas, wato arewa maso gabas, ba fitowar rana sak ba. Ja layi guda a zanen da wannan kusurwar ka gani, in mazaunin bayin ya bi layin sai ka mai da shi jikin ɗayan bangon, mai zama ya ba alƙibla gefe, shi ke nan an gama. In ka juya gidan digiri 15 ko 20 cikin fili mai kusurwa huɗu za ka bar wasu tsukakkun lunguna ta kowane gefe da ba sa amfanuwa da komai sai tara shara.

Abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne ruwa. Ku can damina tun wajen Afrilu take kamawa har Oktoba, ruwan shekara yana kai wajen milimita 1,500, ba irin namu na Marwa ba da yake zuwa wata huɗu ya wuce, amma ko mu nan wanda ya ga yadda rafin mayo Kaliyaw ke cika cikin awa guda ya san ruwan da ya sauko daga dutse ba abin wasa ba ne. Rufinka kaɗai 14 a 9 murabba'in mita 126 ne, ruwan sama na milimita 50 ya sauka a kai lita 6,300 ke nan, ya haura duro 30, ban da wanda zai gangaro maka daga filayen sama. Da ka sare tudu ka zaunar da gida ka yi wa ruwan nan masauki a bayan ɗakin kwana. To tun a zanen ka fitar da kwata a gindin yankan ta zagaya ta gefe ta sauka hanya, kuma shagunan Yaya kada su toshe gaba daga katanga zuwa katanga, a bar mata mafita. Ka yi amfani da Projeter ka sauke layin kwatar a jikin ƙasar ka bi shi ka ga ko akwai inda yake hawa maimakon sauka. Masai da sokawe ta ƙasa, rijiya in za a yi ta sama, tazara kada ta gaza mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara.

ɗan_Njamena

Hhhh ku masu tudu kuna shan daɗi wlh, mu nan ko gangaren santimita 20 mutum ya samu a filinsa sai ya yi sadaka, garin shafe yake kamar faranti, mu kuɗinmu a sayen ƙasar ciko yake ƙarewa, wanda ya ga abin da kogunan Shari da Logon suka yi wa unguwar Waliya a 2022 ba sai an ce masa ya ɗaga dakali ba.

Ni Sweet Home 3D nake amfani da shi tunda kyauta ne kuma ba ya cin ƙarfin kwamfuta, ga duk wanda ya shigo nan da irin matsalar a can, in gidan mai hawa ne kuma ka zaɓi duka da Ctrl A hawan da kake kai kaɗai zai ɗauka, akwai wani zaɓi a Édition na ɗaukar komai a dukkan hawa shi za ka danna, kuma ka tabbata ba ka kulle zanen tushe ba in ba haka ba kujeru ne kawai za su tafi bango ya tsaya. Amma ƙasarsa shafaffiya ce, in kana son gangare sai dai ka shigo da shi daga waje kamar wani kaya ka ɗora gidan a hawan da ka ɗaga, ga mai fili irin na Baban Ummi gara ya zauna inda yake. Hajiya tambaya, a ArchiCAD ɗin shi ma yankan ba ya gyaruwa?

Hajjo_Marwa

Yana gyaruwa ɗan'uwa, can in ka yi yankan da Opérations éléments solides ƙasar asalin tana nan a ƙarƙashi, ka ja abin da ka yanka da shi ramin ya bi shi tsohon wurin ya cike. Amma ba zan ce Baban Ummi ya koma koyonsa saboda gida ɗaya ba, kwafin TN ɗin nan ya wadatar.

Teknisiye_Garwa

Ƙanwata na ji, ga mai koyo naki ya fi aminci, ni hannuna ne ya saba. Amma a hawa da sauka ina nan kan bakana, ranar da aka zo buga takardar magini za a gode min. Maganar ruwa kuwa ƙari ɗaya, duk bangon da zai tare ƙasa a baya a bar masa ƙofofin ruwa a gindi, guntayen tiyon PVC duk bayan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a zuba tsakuwa a bayansa. Yawancin katangun da ke faɗuwa a watan Agusta ba nauyin ƙasa ne ke kayar da su ba, ruwan da ya taru a baya ya rasa hanya ne. Ku dubi mutanen Mokolo da duwatsun Mandara, tun kaka da kakanni suke jera dutse hawa-hawa a jikin tudu suna noma babu siminti ko cokali, yana tsayawa saboda gajere ne kuma ruwa yana bi ta tsakanin duwatsun.

Baban_Ummi

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun yi awon tiyo ni da yara ranar Asabar. Injiniya ka yi gaskiya, daga bornin hanya zuwa ƙarshen fili mita 3 ne cif ba ɗaya da rabi ba, kuma ba daidai yake hawa ba, mita 10 na farko santimita 80 kawai ya hau, sauran 15 ɗin su suka kwashe mita 2 da 20, can kusurwar sama ta hagu ma dutse ne ya leƙo turke ya ƙi shiga. Na yi ragar na kulle ta da borni kamar yadda Hajiya ta ce, bayi ma na juya mazaunin na nuna wa Kawu ya ce madalla.

Na gwada wuri biyu a kan kwafi. In na bar gidan yadda yake na ja shi sama, tsakanin gaba da baya mita 2 ne har da ɗan ɗori. In na juya shi kwata-kwata ya kwanta a faɗin filin, 14 ɗin ta bi 20, saura mita 3 ta kowane gefe, bambancin ya dawo mita 1 da 30, kuma tsakar gida ta fi girma tsakaninsa da shagunan. Hankalina ya fi kwanciya da na biyun amma maginin da zan ba aikin ya ce kar in damu da sara, a tayar da bulo a gaba a cika da ƙasa a daɓe a yi gini a kai, wai ya fi sauri. Ya kuka gani?

Teknisiye_Garwa

Na biyun, ba tantama. Gida a gangare tsawonsa yake ba wa layin tsayi, faɗinsa ya ba wa hawan. Ga lissafin in an raba biyu rabi sara rabi ciko. A kwance, sara santimita 65 a baya ciko 65 a gaba, ƙasar da za ta motsa rabin 4,5 sau 0,65 sau 14, wajen kubik 20 ke nan. A tsaye kuwa mita guda-guda ne, rabin 7 sau 1 sau 9, kubik 31 da rabi, ga bangon tare ƙasa da zai haura mita 1 da 30 in ka haɗa da wurin wucewa na baya, alhali a kwancen bai cika mita ɗaya ba. Wanda bai kai mita ba magini mai hankali zai yi shi da dutse da siminti, wanda ya wuce haka ni sai an yi masa lissafin rodi nake sa hannu.

Shawarar magininka kuwa, in aka ce duka ciko ne babu sara, rabin 9 sau 1,30 sau 14 ya haura kubik 80, ninki huɗu ke nan, kuma sayowa za ka yi tunda ba ka sari komai ba, ka tambayi kuɗin tipar jar ƙasa guda a garinku ka ninka ka gani. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar maganar ita ce harsashi ba ya zama a kan ciko, ko wane irin daɓe aka yi masa. Ciko yana ɗaukar daɓen ɗaki ne kawai, shi ma sai an zuba shi santimita 20-20 ana yayyafa ruwa ana kirɓawa, ba a juye tipa a baje ba. Ramin harsashi dole ya ratsa ya sami ƙasar asali mai tauri, ta gaba ya fi zurfi ta baya ya fi gajarta, ana sauke shi mataki-mataki kowane mataki a shafe, ba a bin karkatar ƙasa. In rabin gida yana kan ƙasar Allah rabi kan ciko, damina biyu uku cikon zai zauna, tsagewar kuma a daidai mahaɗar take fitowa daga taga zuwa rufi.

Yanzu a zanen ka ɗauki Plan de section ka yanka gidan da ƙasar daga hanya zuwa baya, ka kunna TN da kwafin da ka yanka a tare, za ka ga layi biyu, na asali da sabo, ka auna daga daɓe zuwa layin asali a kusurwa huɗu na gidan ka rubuta a takarda, waɗannan lambobi huɗun su za ka miƙa wa magini tare da bornin da kuka yi sifili da shi.

Hajjo_Marwa

Kafin ka buga, ƙirga matakalar gaba. Ciko 65 ga dakali aƙalla 30 sama da ƙasar baya don kada ruwa ya shigo, 95 ke nan a ƙofar falo, mataki shida na santimita 16. In akwai tsohuwa a gidan ka sa ƙofar shiga ta gefe wajen tsakiya inda daɓe ya kusa da ƙasa, mataki biyu uku ya isa, tunda kana da mita 3 a can. Ko kuma ka raba gidan hawa biyu, falo da kicin a ƙasa ɗakunan kwana su ɗara su da mataki huɗu, sara da ciko duk su ragu, sai dai rufin zai ɗan ƙara aiki kuma a SketchUp gurup biyu za ka yi da Tamponner biyu. Dutsen kusurwar hagun nan kuma ka haƙa gefensa ka ga girmansa kafin ka tsayar da wurin, in shimfiɗaɗɗe ne ya shigo ƙarƙashin gidan ka ja gidan ƙasa mita ɗaya, ya fi maka arha a kan biyan masu fasa dutse.

Baban_Ummi

Hajiya tsohuwa tana nan kuma gwiwa na damunta, ƙofar gefe za a yi. Gobe in Allah ya kai mu zan sa yara su tona wajen dutsen, in na yi yankan zan ɗora hoton da lambobi huɗun ku duba min kafin in kai wa magini.